An bar jaki ana dukan taiki: martani kan ɗumama baƙin mai

Maƙalar da ta fito a wannan shafi makonni biyu da suka wuce, wadda ke ba direbobin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi shawarar su riƙa ɗumama baƙin mai kafin su tayar da mota, ta yi farin jini a tasha. An karanta wa waɗanda ba su iya karatu, an tafka gardama a kanta a teburin mai shayi. Shawarar da ta shiga tasha kuwa ba a takarda take tsayawa ba, gobe wani zai gwada ta a kan motar da yake ci da iyalinsa. Shi ya sa bai kamata a bar ta ta wuce babu amsa ba.

Abin da Malam marubucin maƙalar ya kawo shi ne: baƙin mai idan ya kwana yakan yi kauri, inji ya sha wahala wajen juyawa a cikinsa, wahalar nan kuma fetur take ci. Maganinsa a wurinsa uku ne. Ko a tsiyaye man da asuba a ɗora shi a wuta a mayar, ko a tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji, ko mai hali ya sa hitar lantarki irin ta Turawa. Ya kafa hujja da ƙasashen Kanada da Finland, sannan da wani direba da ya ce masa ya gwada ya ga canji.

Ban zargi niyyarsa ba. Wanda ya san abin da direban wannan yanki ya gani a 'yan shekarun nan ba zai yi mamakin mutum ya nemi kowace dabara ba. A Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya, an hana sayar da fetur a jarka, an ƙayyade wa kowace mota na naira 10,000. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 ta tsallake 1,000, a hannun 'yan bumburutu na ƙauye kuwa sai abin da suka faɗa. Fasinja bai ƙaru ba, kuɗin mota ba ya ƙaruwa yadda fetur ke ƙaruwa. Duk wanda ya zo da labarin ragi, za a saurare shi.

Kuma farkon maganarsa gaskiya ne. Mai sanyi ya fi mai zafi kauri, inji mai sanyi ya fi shan fetur. Babu makaniken da zai yi jayayya da wannan. Inda muka rabu shi ne nawa ne wannan asarar a ƙasarmu, me ke jawo ta, kuma shin garwashi na iya mayar da ita.

Mu fara da Kanada, tunda can ya je ɗauko hujja. A birnin Winnipeg, sanyin daren Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wani lokaci ya wuce 30. A irin wannan sanyi mai kusan daskarewa yake yi, batir ya yi sanyin jiki, mota ta ƙi tashi sam. Domin haka ne wani injiniya mai suna Andrew Freeman, a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ya ƙera hitar inji, ya yi mata rajista a 1949. Babban aikinta shi ne mota ta tashi da safe, kuma yawancin irinta ruwan inji suke ɗumamawa, shi kuma ya ɗumama ƙarfen gaba ɗaya, bayan sun kwashe awanni a jone da wuta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, tazarar da mota ke yi da lita guda takan ragu da kusan kashi 15 cikin 100 idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri. Amma ragi idan an kwatanta da me? Da digiri 25. Wato yanayin da su suka ɗauka a matsayin lafiya lau, wanda suke auna asararsu da shi, shi ne safiyar Ƙaura ta yau da kullum. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da ake jin ɗumi a bakin kogin Gagare, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 12. A Afrilu kuwa ya wuce 40. Motar da ta yini a rana a tashar Shinkafi cikin bazara, Allah ya riga ya ɗumama mata mai kyauta.

Sai lissafin da Malam bai yi ba, wanda kowane ɗalibin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura zai iya yi a bayan takarda. Ƙaramar mota irin Golf tana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 4, nauyinsa wajen kilo 3 da rabi. Idan aka ɗaga zafinsa daga digiri 20 zuwa 80, zafin da aka zuba masa bai wuce kilojul 420 ba. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kimanin kilojul 32,000. Ke nan duk hura wutar da aka yi tun asuba, an tara abin da bai kai zafin da ke cikin babban cokali ɗaya na fetur ba, abin da inji ke ƙonawa a cikin kamar minti guda yana silo. To ina wannan man mai zafi zai shiga? Cikin ƙarfe mai sanyi da ya haura kilo 100, da ruwan lagireto lita 5 ko 6. Ƙarfen da ruwan za su shanye zafin nan kafin direba ya gama wanke hannu, injin gaba ɗaya ya ɗaga da ɗan digiri 4 ko 5. Kofin shayi ne aka juye a randa ana jiran ruwan wanka ya yi ɗumi.

Ko da ma an ce dabarar ta yi aiki yadda ake so, a farkon tafiya kawai amfaninta yake. Injin da ke da lafiya, ruwansa yakan kai zafin aiki cikin minti 5 zuwa 10 ana tafiya, baƙin mai ya biyo baya ba da daɗewa ba. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki ba ta kasa kilomita 50 ba, Zurmi ta haura 30, Gusau ta kusa 60. Direban da ke wannan zirga-zirga sau ɗaya injinsa ke yin sanyi a rana. Daga ya fita gari har ya dawo da la'asar, man na tsakanin digiri 90 da 110, inda masu ƙera shi suka nufa. Ɗan kabu-kabu mai babur Boxer ma ba a maganarsa: mansa kusan lita ɗaya ne, injinsa iska ke sanyaya shi, kafin ya sauke fasinja na farko ba ya taɓuwa da hannu.

Hitar lantarki ba sai na daɗe a kanta ba. Wace wutar? Idan janareto za a tayar mata, ƙaramin nan na ɗaki yana shan kusan rabin lita a awa. An ƙona rabin lita domin a tsira da cokali.

Garwashin ne ya fi tayar mini da hankali. Sabon baƙin mai ba ya kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 200, amma wanda ya yi makonni a cikin tsohon inji ba sabo ba ne. Fetur yakan sulale ta gefen fistin ya gauraya da shi, musamman a injin da zobensa ya ci. A ciro gejin wata motar haya a shinshina, za a ji. Fetur kuwa tururinsa na kamawa ko a cikin sanyin da ya fi na Winnipeg. Sannan a sunkuya a dubi ƙasan motocinmu: jiƙe yake da mai, da ƙura da ta manne ta zama laka, da tiyon fetur da aka ɗaure da roba ko waya, yana ɗiga. Nan ake cewa a tura wuta, a tashar da motoci ke jere gefe da gefe, ga mai tallan fetur da kwalabensa a kusa. Hanyar tsiyayewa ma ba ta tsira ba. Gindin kwanon da ke kan wuta ya fi samansa zafi nesa ba kusa ba, sinadaran da kamfani ya zuba domin hana tsatsa da cin ƙarfe a nan suke ƙonewa. Buɗaɗɗen kwano cikin hazon hunturu kuma ƙura yake tarawa, ƙurar nan yashi ce, yashi a cikin mai shi ke cinye zobe da karanshaf. Notin da aka yi domin a kwance shi ranar juye kawai, idan ana murɗa shi kullum zarensa zai gaji, wata rana ya saki a hanya.

Kuma a tuna wace hanya ake magana. Injin da ya buga a cikin garin Gusau kuɗi ya ci. Wanda ya buga tsakanin Moriki da Shinkafi, ko a hanyar Zurmi zuwa Gurbin Ɓaure, da mutum goma a ciki, kowa a yankin nan ya san abin da zai iya ci. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Yanzu ga abin da ya sa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Malam ya hango wata gaskiya: motocinmu da yawa suna tafiya da inji mai sanyi, kuma suna shan fetur saboda haka. Sai dai ba iskar asuba ce ta sanyaya su ba. Mu muka yi da hannunmu.

A je kowane gareji a Ƙaura a tsaya a gani. Mota ta zo tana zafi, allurar dashbod ta hau sama. Makanike ya kwance bakin tiyon lagireto na jikin inji, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai zagaye da sifirin, girmansa bai wuce murfin gwangwanin madara ba, duk ya yi tsatsa. Ya nuna wa mai mota, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, ya wurga shi cikin tarin ƙarafa. Sannan ya kira yaronsa ya haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama juyawa, ba ta tsayawa sai an kashe mota. Mai mota ya tafi yana murna, domin daga ranar allurar ba ta ƙara tashi daga ƙasa.

Wannan ɗan ƙarfe shi ne tamostat. Ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Idan inji na da sanyi takan rufe, ruwa ya tsaya yana zagaya cikin injin har ya yi zafi da sauri. Idan ya kai digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ta buɗe ya wuce lagireto ya huce. Ita ce hitar da kamfani ya sa, ba ta cin gawayi, ba ta neman wutar lantarki. Idan aka cire ta, tun daga murɗa makulli ruwa ke kwarara cikin lagireto ana fifita shi, inji ya daɗe bai yi zafi ba, a kan buɗaɗɗen titi da safiyar hunturu ma ya yi ta tafiya bai kai ba. Motocin yanzu masu injekta kuwa suna da na'urar da ke auna zafin ruwa ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota. Muddin ta ji sanyi, ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ƙara fetur, daidai da abin da cok ke yi a mota mai kafireta. Direba na iya kaiwa Moriki motarsa na tsammanin yanzu aka tashe ta. Alamun a fili suke: bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, fulogi ya yi kunkunniya, mai ya riƙa warin fetur domin bai yi zafin da zai kore shi ba.

Ba na cewa makanikanmu ba su san aiki ba. Tamostat da ta maƙale a rufe takan dafa inji cikin 'yan mintoci, kuma sun ga hakan da idonsu. Ta jabu ta cika kasuwa. Mai mota kuma so yake a sallame shi yanzu, da kuɗi kaɗan. Amma sau da yawa laifin ba nata ba ne. Lagireton ne ya toshe da ruwan rijiya da ake ɗura masa shekara da shekaru, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Cire ta ɓoye ciwon yake yi, a riƙa biyan kuɗinsa a gidan mai kullum. Abin da aka jefar da sunan na ƙasar sanyi ne, kowace ƙasa na buƙatarsa, motocin da ake sayarwa Saudiyya ma da shi suke zuwa. Dabarar da Malam ke son shigo mana da ita, ita ce ta ƙasar sanyi ta haƙiƙa.

Su kansu kamfanonin da suka damu da wannan batu ba garwashi suka nufa ba. Toyota ta sa wa Prius ta 2004 da ake sayarwa a Amurka wani ɗan tulu mai riƙe zafi, yana ajiye ruwan inji kusan lita 3, ya mayar da shi idan an tashi mota. Injina da yawa kuma suna da wurin da ruwa da mai ke musayar zafi, da safe ruwa ya ɗumama mai, da rana ya sanyaya shi. Duk wannan tsari ya dogara ne da ruwan ya yi zafi a kan lokaci.

Bayan tamostat, abu na biyu shi ne irin man da muke zubawa. A nan kusan kowace mota 20W-50 ake ba ta, ko lamba 40, ko na kwalba da ake awo a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, saboda an yarda cewa mai kauri shi ne mai kyau. A buɗe bonet ɗin Corolla 'yar Amurka ta wajen 2005, a kan murfin mai an rubuta 5W-30. A digiri 40, kaurin 20W-50 ya ninka na 5W-30 fiye da sau biyu, ko a digiri 100 ya kusa ninka shi. Wanda kaurin mai ya dama, ga inda zai rage shi yini guda cur, maimakon minti biyu na asuba. Amma ko a nan kada a ruɗi kowa. Ma'aikatar nan ta Amurka ta ce amfani da lambar da kamfani ya ce yana kawo ragin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. Idan zuwa Shinkafi da dawowa ya ci lita 10, ragin bai wuce ƙaramin kofi ba. Kuma tsohuwar Golf ta shekarun 1990 da ta riga ta fara hayaƙi, idan aka ba ta siririn mai shanye shi za ta yi. Ita a bar ta da mai kaurinta, in dai na gaske ne, a kuma yi juye a kan kari.

Sauran wuraren da fetur ke zurarewa kowa ya san su, an dai saba ne. Barin mota tana silo minti 15 da safe da sunan ɗumama ta, alhali rabin minti ya isa a fara tafiya a hankali. Tayar inji a tasha ana jiran fasinja biyu su cika. Tayar da iska ta yi wa kaɗan. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe a mota mai kafireta. Buhunan da ake ɗaurewa a saman mota Sharon ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi har bayanta na shafar ƙasa. Sai gudu, wanda ya fi su duka ci, domin iska na ƙara turjiya ninki huɗu duk lokacin da aka ninka gudu. Wannan na ƙarshe ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi a kansa. Akwai wuraren da direba ke taka mota ba don ganganci ba, fasinjojin ma addu'a suke yi ya ƙara. Fetur ɗin da tsoro ke ci a hanyoyin nan, gwamnati ce kaɗai ke da maganinsa.

Direban da ya ce ya gwada ya ga canji, ban ce ƙarya ya yi ba. Mutumin da ya tashi da asuba ya sha wahalar hura wuta, ranar zai lallaɓa mota, ya daina barin ta tana silo tunda a ganinsa ta riga ta ɗumama, ya kuma sa ido a kan allurar fetur da fatan ya ga alheri. Allurar tsohuwar mota kuwa ko a gangare aka ajiye ta sai ta canza magana. Hanyar awo ɗaya ce: a cika tanki fal, a rubuta kilomita, a yi aikin mako, a koma famfo ɗaya a sake cikawa, a raba. A yi haka da dabarar, a yi babu ita, a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Kwalejin nan ta Ƙaura, wadda aka kafa tun 1983, tana da sashen injiniyan kanikanci da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu. Idan Malam ya yarda, mu roƙe su su ɗauki mota ɗaya su auna abu biyu, man da aka ɗumama da tamostat da aka mayar, su buga sakamakon a wannan shafi kowa ya gani.

Kafin nan, ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da su hana kowa kusantar ƙarƙashin mota da wuta. Kai kuma direba, gobe idan ka yi minti 15 kana tafiya, dubi allurar zafi. In ka gan ta kwance a ƙasa, wuce gareji ka ce a wanke lagireto, a sa tamostat mai kyau, a mayar da fanka kan na'urarta.